Dattijo, Injin Kwale-kwalena, Ya Yi Shiru

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika ta har baki, ni mai lambun ƙetare, wadda kuke kira Inna Mai-jirgi, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, masunta da matan kasuwa, da duk wanda ya taɓa zama cikin kwale-kwalena ko da sau ɗaya ne, cewa Dattijo ya rasu. Wanda bai san sunan ba, ai ya san muryar. Shi ne injin nan mai shuɗiyar hula da ke yin tari uku kowace safiya a bakin ruwa kafin ya kama aiki. Ya rasu ranar Talatar makon jiya da hantsi, a tsakar gidana, ɗaure a jikin benci, bayan jinyar wata biyar. Shekararsa ashirin da shida a gidanmu. Waɗanda ya yi kafin ya zo mana, shi kaɗai ya san su, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba.

Na tambayi maigida ko ya dace in yi masa addu'a irin wadda ake yi wa mutane. Ya ce ƙarfe ba shi da hisabi, in bar shi haka nan. To, na bar shi. Amma kuka kam na yi, ban kuma nemi izinin kowa ba.

Ku yi mini haƙuri da rubutu. Aji huɗu na yi, kuma ba ni da takarda ko guda ta marigayi, komai daga ka nake faɗa. Abin da nake roƙo shi ne ku karanta har ƙasa, kada ku tsaya a tsakiya ku tafi kuna girgiza kai. Akwai magana a ƙasa wadda ta shafi mai rai, kuma ita ce ta hana ni cin abinci fiye da mutuwar kanta.

Babana ne ya kawo shi gida, a kafaɗa, daga wurin wani masunci da ya bar sana'a. A jikin hularsa akwai lamba takwas, aka ce mana wai ƙarfin doki takwas ke nan. Ni dai na sha cire hular nan, ban taɓa ganin ko jelar doki a ciki ba, amma na ga aikinsu. Da idon Baba ya yi rauni, Yaya ne ya kamata ya gaji jirgi da inji da lambu. Sai dai Yaya, da zarar ƙafarsa ta bar ƙasa jiri ke ɗibarsa. Gyaran keke ya kama, a kan tudu, inda babu abin da zai yi lilo da shi. Maigida kuwa mai aski ne, ruwan da ya sani shi ne na cikin kofin aikinsa. Haka Dattijo ya faɗo hannuna. Baba ya haɗa mini da abu biyu: jan tankin mai, da wani tsohon gwangwanin tumatir na awon baƙin mai. Ya ce gwangwani ɗaya a tanki ɗaya, kada in ƙara don so, kada in rage don rowa. Shekara goma sha tara ban saɓa ba.

Marigayi mai cika alkawari ne. Ba ya tashi a jan igiya na farko, don ba ya son a ɗauka yana jiran mutum. Ba ya tashi a na biyu. A na uku sai ya ce “uhum, uhum, uhum,” ya tofar da hayaki, sannan ya daidaita murya: “tuf-tuf-tuf-tuf.” Matan da ke gefen ruwa da wannan tari suke sanin lokacin sauke tukunya. Ya ɗauki kwandunan tumatir har ruwa ya kusa taɓa bakin jirgi, bai yi ƙorafi ba. Ya ɗauki albasa, ya ɗauki taki, ya ɗauki akuya mai ciki wadda ba ta yarda da shi ba. Wata rana ya jawo babban jirgin mai yashi da injinsa ya mutu a tsakiyar ruwa, injin da ya fi shi girma sau biyar. Da muka iso gaɓa aka yi ta tafi. Shi kuwa ko a jikinsa, fitsarinsa kawai yake yi ta baya, siririn ruwan nan da ke nuna cikinsa na da sanyi.

Shi ne kuma ya ƙetarar da 'yata zuwa asibiti ranar da za ta haihu, ruwa ya cika yana gudu da rassan itace. Ranar ce kaɗai a rayuwarsa ya tashi a jan farko. Jikar da aka samu mace ce, aka sa mata sunana. Ku riƙe wannan yarinya a ranku, za mu dawo kanta.

Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. Yana da hayaki, duk zannuwana warinsa suke yi, maigida ya ce ko a cikin taro idonsa a rufe zai gane ni. Ba ya son yabo a gaban baƙi. Ka ce wa fasinja wannan inji bai taɓa ba ni kunya ba, ranar zai nemi ja bakwai. Sau ɗaya igiyarsa ta fizge ta doke ni a haɓa, tabon na nan. Na yafe masa tun a lokacin.

Yanzu ga yadda ciwo ya fara. A farkon damina surukina, mijin 'yata, wanda ke koyarwa a makaranta, ya aiko a ba shi aron jirgi ya kai mahaifiyarsa ƙetare ganin likitan ido. Mutum ne mai kunya, ko gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya yi. Na ba shi, don ya iya tuƙi, kuma bai taɓa roƙona komai ba. Ya tafi, ya dawo da la'asar, ya cika mini tanki, ya wanke jirgi har ƙarƙashin katakon zama. Abu ɗaya kawai: bai yi awo da gwangwanin Baba ba. Da wani kofi mai zane-zane ya auna baƙin mai, ya ce haka littafin inji ya nuna.

Washegari Dattijo ya yi tarinsa uku, muka tafi lafiya lau. Muna isa daidai busasshen kututturen nan na tsakiyar ruwa sai muryarsa ta sauka. Na ƙara masa mai, ya ce “waaa,” kamar zai yi, sai ya ce “wa… wa… wuf.” Ka ce dawakan nan takwas ne ke zarewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura jaki guda, shi ma gurgu. Na ɗaga tanki na girgiza, cike yake. Na matsa ƙwallon robar da ke jikin tiyo, na ji ta lotse, ta ƙi tasowa. Na ja igiya har kafaɗata ta yi tsami. Ƙarshe filafili na zaro, na ƙarasa da hannu, ni da kwando goma sha ɗaya. Da na gama aikin lambu na dawo, na ja sau uku, ya tashi kamar ba shi ba. A hanyar dawowa, da muka yi nisa kamar wancan, ya sake.

Haka ciwon ya zauna. Safiya lafiya, tsakiyar ruwa jinya.

A nan ne na yi abin da na yi. Rana ta uku na iso gaɓa jiƙe da gumi, hannuna ya yi kanta, tumatir ya fara laushi, motar kasuwa ta tafi ta bar ni. Surukina na nan a bakin ruwa, ya ji labari ya zo jaje. A gaban masunta, a gaban mata masu wanki, na ce hannun da ya saba da alli ba shi da abin yi da inji, na ce shekara goma sha tara ina awo da gwangwani lafiya, rana ɗaya aka kawo mini kofin boko aka kashe mini uba. Haka na ce, uba. Ya durƙusa ya yi mini sallama, ya tafi. Tun daga ranar ƙafarsa ba ta sake taka ƙofar gidana ba. 'Yata takan zo ta gaishe ni a tsaye, mayafinta a kafaɗa, ta ce ta bar tukunya a wuta. Takwarata kuwa ba a kawo ta. Ta yi rarrafe ban gani ba. Ta miƙe, ta fara takawa, a bakin mai sayar da gawayi na ji.

Marigayi bai rasa masu dubiya ba, kuma duk wanda ya zo likita ne. Maƙwabcina masunci ya ce fulogi ne. Ya cire, ya duba, ya ce ya yi baƙi kamar gindin tukunya, muka sa sabo. Kututture na zuwa, “wa… wa… wuf.” Wani ya ce farfela ce, aka kwance ta, aka samu zaren fatsa ya naɗe a ciki har ya isa a ɗinke buhu da shi. Muka yi murna, muka ce an kama ɓarawo. Washegari, “wuf.” Mai sayar da mai ya rantse mansa ba ruwa, amma duk da haka muka juye tanki, muka tace da sabon ƙyalle, ko ɗigo ba a samu ba. Aka canja tiyo. Aka canja ƙwallon roba. Matan kasuwa suka ce ba ciwon ƙarfe ba ne, akwai wani abu zaune a kututturen nan, in canja hanya. Na canja, na bi ta wajen ciyayi, nesa da kututture. Dattijo ya ƙirga tafiyarsa daidai, ya faɗi a inda babu kututture, babu komai, sai wata balbela da ke kallonmu.

Sau uku na kai shi wurin makanike a bayan kasuwa, a cikin baro, na lulluɓe shi da buhu kada rana ta dame shi. Makaniken mutumin kirki ne, ya san aikinsa, kada wanda ya ga laifinsa. Ya kwance kabireta ya wanke ta ƙwaya-ƙwaya, yana hura kowace ƙofa yana ɗagawa sama yana leƙawa. Ya duba wuta, ta yi tsalle shuɗiya. Ya toshe ramin fulogi da babban yatsa ya sa aka ja igiya, iska ta ture yatsan, ya ce ƙirjin tsohon nan ya fi nasa ƙarfi. Sannan ya rataye shi a bakin duro cike da ruwa, ya haɗa masa mai, ya tayar. Dattijo ya yi awa guda cur yana “tuf-tuf-tuf,” yana fitsarinsa, yana watsa wa masu wucewa ruwa. Makanike ya ce Inna, da ni ke da lafiyar injin nan da na shiga gasar gudu. Na mayar da shi gida ina murna. Washegari, a tsakiyar ruwa, kun san sauran.

A zuwa na uku makanike ya dube ni ta gefen ido, ya ce ko dai hannuna ne ya gaji da tuƙi. Na ce hannun da ya tuƙa jirgi tun shi makaniken yana tallar ruwan sanyi ba yau zai gaji ba. Ku lura da abu ɗaya, domin ni ban lura ba: duk zuwan nan uku, da tankinsa yake gwadawa. Nawa yana can cikin jirgi. A tunanina mara lafiya ake kai wa likita, ba kwanon abincinsa ba.

Sau biyu surukina ya aiko da saƙo ta hannun 'yata. Na farko da baki: wai idan inji ya fara sanyi, in kwance murfin tanki in saurara. Na ce ta gaya masa na gode, wanda ya sa ciwo ba shi zai rubuta magani ba. Na biyu a takarda ya aiko, ya yago daga littafin makaranta, ya rubuta da manyan baƙaƙe don in iya karantawa. Ban karanta ba. Irin barkono na ƙunshe a ciki na cusa a saman taga.

Sai Yaya. Duk watannin nan yana cewa a bar masa, inji ai keke ne mai shan mai. Ranar Talata ya zo da akwatin sifanoninsa. Ya ce kuskuren makanike shi ne gwaji cikin ruwa, ƙarar ruwa ke rufe muryar ciwo, shi da kunne yake gane komai. Ya ɗaure Dattijo a jikin benci a tsakar gida, farfela a iska, ya haɗa tanki, ya ja sau uku. Ya tashi. Kaji suka watse. Yaya ya buɗe masa mai har ƙarshe, ya kara kunne yana lumshe ido. Ban taɓa jin marigayi ya yi irin wannan ihu ba, “wiiiiii,” kamar yaro da aka taka. Na ce Yaya, ba ya fitsari. Ya ce da me zai yi fitsari, an ba shi ruwa ne? Na ce to ai shi ne, Baba ya ce da ruwan kogi yake sanyaya cikinsa. Ya ɗaga mini hannu, wai in yi shiru, ya kusa ji. Wari ya tashi kamar an ƙona takalmin roba. Fentin jikin Dattijo ya fara kumbura. Sai ya ce “kirrr,” ya ce “ƙaƙ.” Daga nan bai ƙara ba.

Na ja igiya, ta ƙi motsi, kamar an ɗaure ta a jikin dutse. Makanike ya zo ya buɗe, ya daɗe yana kallo, ya cire hular kansa ya mayar. Ya ce fistin ya narke ya manne, kuma irin wannan inji an daina yin kayansa tun kafin ya koyi aiki. Yaya ya zauna a kan turmi ya yi kuka da hawaye, gemunsa na rawa. Amma da ya share fuska sai ya ce dama can kofin bokon nan ya riga ya cinye shi ta ciki, shi ƙarasawa kawai ya gani. Ni kuma na gyaɗa kai. Na fi son haka.

Ranar Alhamis tumatir ya nuna, ba ya jiran makoki. Ƙawata mai kifi ta ba ni aron injin ɗanta, sabo fil, ko shekara bai yi ba, ja ɗaya yake tashi, ba tari, ba gaisuwa. Ta ce in kula da shi kamar ƙwai. Na ɗaura shi a wurin Dattijo ina jin kamar na ci amana, na haɗa masa jan tankina, na ɗauki mata biyu, muka tafi. Gudu yake kamar an biyo shi. Muna isa kututture sai na ji muryarsa ta sauka. “Waaa… wa… wa… wuf.”

Na ce shi ke nan, zan mayar wa baiwar Allah gawa ta biyu. Na zauna na rasa abin yi, idona ya sauka a kan tanki. Gefensa biyu sun lotsa ciki, kamar kumatun tsohuwa mai tsotsar tsamiya. A kansa kuwa ga 'yar hular da na saƙa masa da jan zare, ɗaure tamau da igiya. A nan komai ya dawo mini.

Ranar da surukina ya dawo da jirgi, bayan ya tafi, hadari ya haɗo. Ina kwashe kaya sai na ga wata 'yar ƙofa a tsakiyar murfin tanki, ƙarama kamar idon allura. A da akwai wani ɗan maɓalli a kanta, ya faɗi ban san yaushe ba. Na ce yau ga ta inda ruwan sama zai shiga ya ɓata wa Dattijo abinci. Na kunna kyandir na ɗiga mata kaki har ta toshe, na shafe da yatsa sumul. Don ƙarin kulawa na saƙa hula na rufe. Na yi alfahari da aikin nan ƙwarai. Kullum da safe in kwance, in zuba mai, in mayar in ɗaure, ban taɓa kawo shi cikin lissafin ciwo ba, domin a wurina alheri ne na yi.

Na kwance igiya, na cire hula, na murɗa murfi. Tanki ya ce “fssssss,” ya ja numfashi mai tsawo, kumatunsa suka dawo da ƙara, “ɓam.” Na matsa ƙwallon roba, ta cika ta yi tauri. Ja ɗaya, injin yaron nan ya tashi kamar bai taɓa sanin ciwo ba. Ashe ƙofar nan hancin tanki ce. Mai na fita, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa. In ba ta shiga ba, inji ya yi ta tsotso har ya gaji, abinci na gabansa ba ya samu. Wata biyar Dattijo na jin yunwa da tanki cike, ni kuma ina yawo da shi a baro ina neman wanda ya yi masa asiri.

Na fashe da dariya a tsakiyar ruwa, dariyar ta juye kuka, kukan ya koma dariya. Matan nan biyu suka riƙe bakin jirgi, ɗaya ta fara tambayar ɗaya ko ta iya iyo. Da na dawo gida na hau kujera na lalubo ƙunshin irin barkono a saman taga. Na zazzage, na buɗe takardar. Layi biyu ne. Ya gaishe ni da girmamawa, sannan ya ce a duba ko ƙofar iskar murfin tanki ta toshe, domin a fara da ƙaramin abu kafin a buɗe babba.

Saboda haka, ga gyara ga duk wanda ya ji maganata a bakin ruwa ranar nan, da wanda aka ba labari, da wanda ya ƙara gishiri. Kofin surukina bai kashe Dattijo ba. Makanike ya zuba ruwa a kofin ya juye a gwangwanin Baba, awonsu ɗaya, ko ɗigo bai zube ba. Ni na sa masa ciwo da kakin kyandir, Yaya ya ƙarasa shi a kan benci. Mu biyu 'ya'yan mai shi. Mutum ɗaya ne a garin nan ya gane ciwon tun daga nesa, bai taɓa sifana ba, shi ne wanda na wulaƙanta a gaban jama'a. A gaban jama'a na yi, shi ya sa nake warwarewa a bangon da jama'a ke karantawa. Ni da shi akwai kunya, ba zan iya tsayawa gabansa in jera wannan magana ba tare da murya ta ƙi ni ba. Shi kuwa malami ne, karatu ba ya ba shi wuya.

Marigayi ya bar kwale-kwale ɗaya, wanda ke ɗaure a gaɓa yana leƙen bayansa. Ya bar jan tanki, wanda aka gano ba shi da laifi, sai hanci a toshe. Ya bar tiyo biyu, tsoho da sabo, dukansu lafiyayyu. Ya bar fulogi huɗu da aka sallama daga aiki bisa zalunci. Ya bar gwangwanin Baba. Ya bar filafili biyu da suka yi ritaya shekaru da yawa, yanzu an dawo da su bakin aiki suna gunaguni. Hularsa shuɗiya tana bayan ɗaki, kaza ta riga ta shiga ta yi ƙwai uku, na ce a bar ta, gidan da ya saba da ɗumi ne. Ya bar Yaya, wanda ya yi alkawarin ba zai sake taɓa abin da ba shi da feda ba. Ya bar ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, ranar da babu makaranta, kuma da gangan na zaɓe ta. Za a taru a tsakar gidana, inda rai ya yi halinsa. Daga nan za a ɗauke shi a bi da shi ta bakin ruwa ya yi sallama da jirgi, sannan a wuce rumfar makanike, wanda zai cire abin da ke da sauran amfani ya raba wa injuna mabukata. Farfela an riga an yi wa maƙwabcina masunci alkawari. Ba a buƙatar kowa ya zo da shawara, marigayi ya sha ta ishe shi. Mai son kuka ya zo da ƙyallensa. Akwai shayi, akwai tumatir kyauta ga duk wanda ya taɓa taya ni tuƙi da filafili.

Wannan karon ba a baro za a kai shi ba, a hannu za a ɗauke shi, mutum biyu. Yaya zai kama ta wajen farfela, ya ce ya yarda, can ne ya dace da shi. Wajen kai kuwa na ajiye wa surukina, ba kuma wanda zai taɓa wurin sai shi. A kan benci zai tarar da murfin tanki da allura guda, shi nake so ya huda kakin nan da hannunsa, a gaban kowa. Ya zo da matarsa, ta sauke tukunya tun a gida. Ya zo da takwarata, kada a goyo ta, a sauke ta a bakin ƙofa ta shigo da ƙafarta in gani.

Idan bai samu zuwa wannan Asabar ba, za a ɗaga zuwa ta gaba. Idan bai zo ta gaba ba, a sake ɗagawa. Marigayi ƙarfe ne, ba ya wari, kuma a rayuwarsa ma sai an ja shi sau uku yake tashi. Wannan ja na farko ne.